Me ya sa masu kishin buɗaɗɗiyar manhaja suke aiki da MacBook da Windows?

Duk taron da na buɗe MacBook sai an yi mini waɗannan tambayoyi, har na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Shin wannan ba munafunci ba ne?

A'a. Wanda ya rubuta manhaja ya sake ta kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, ya sauke nauyin da ke kansa. Lasisin GPL, na buɗaɗɗiyar manhaja, bai taɓa tambayar irin na'urar da aka yi rubutun a kanta ba.

To ai Richard Stallman ba ya yin haka.

Gaskiya ne, kuma ya cancanci girmamawa. Mutumin da ya kafa GNU, shirin samar da manhaja mai 'yanci, a 1983 ya daɗe yana aiki da tsohuwar ThinkPad X200 wadda aka sauya mata manhajar tayarwa da Libreboot. Ka ɗauki na'urar 2008 ka yi mako guda kana taron bidiyo da ita, sannan ka dawo mu yi magana. Kada kuma ka manta cewa Linus Torvalds da kansa, wanda ya ƙirƙiro Linux (buɗaɗɗen tsarin gudanar da kwamfuta), ya saki Linux 5.19 a 2022 daga kwamfutar Apple, ko da yake Asahi Linux, wato Linux ɗin da aka tsara don Mac, ce a cikinta.

Me Mac take da shi da har ta ja hankalinku?

Tun 2007 macOS take da shaidar zama Unix, tsarin da Linux ta yi koyi da shi, saboda haka yawancin umarnin da muka saba bugawa a Linux suna aiki, abin da ya rage kuma Homebrew, mai girka manhajoji a Mac, yana kawo shi. Sai batir: tun fitowar M1, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Apple, a 2020 ake wuni ana aiki ba caji, kuma wanda ya san ɗauke wuta ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar wannan. Mai rubuta manhajar iPhone kuwa dole ne ya nemi Xcode, wanda ba ya aiki sai a Mac.

Masu Windows fa?

Ofis ne ya ba su na'urar. Tun 2016 akwai WSL, wani sashe na Windows da suke gudanar da Linux a cikinsa.

In goge abin da ke kwamfutata in saka Linux zalla?

Wannan ita ce tambayar da ba na gaggawar amsawa, domin ta danganta da ƙarfen da ke hannunka da kuma aikin da yake ciyar da kai. Idan ThinkPad ce ko Dell mai 'yan shekaru, mai yiwuwa Ubuntu ko Fedora, nau'o'in Linux, su gane komai ba wahala. Idan akwai katin hoto na Nvidia ko na'urar waifai ta Broadcom, ka shirya wa neman direbobi, wato manhajojin da ke sa su aiki, wataƙila kuma ka rufe murfi ka saka ta a jaka, ka iso ka tarar ta yi zafi, batir ya ƙare, saboda ba ta yi barci ba. Na taɓa tsayawa gaban mutane minti goma majigi ya ƙi ganin allona, ina ta cire waya ina mayarwa. Idan Photoshop ne abincinka, ko kuma takardun Word masu tsari mai sarƙaƙiya kake musaya da abokan aiki, GIMP da LibreOffice, buɗaɗɗun madadinsu, za su yi wani ɓangare, amma ba lallai su gamsar da wanda yake biyanka ba. Shawarata ita ce ka kwafe fayilolinka tukuna, ka tayar da Linux daga filashi ba tare da ka girka ba, ka gwada sauti da kyamara da waifai da firinta. Idan Mac ce mai M1 ko M2, ka duba jerin abin da Asahi ta riga ta tallafa wa kafin ka taɓa komai. Kada ka ji kunya idan ka ga gara ka ajiye duka biyun.

Yaushe za ka koma Linux gaba ɗaya?

Sabobina, wato kwamfutocin da ke hidima ta intanet, duka Linux ta Debian suke gudanarwa, kuma a can aikin nawa yake ƙarewa. Kwamfutar hannuna kuwa sai ranar da wannan MacBook ɗin ta mutu.