Dokar hana leda ta hau kan mai saye ma, ba ɗan kasuwa kaɗai ba

Mutane da dama a Maradi sun ɗauka maganar hana leda surutu ne da ake tayarwa duk lokacin da damina ta ƙarato. Alhali doka ce rubutacciya, mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, zamanin shugaba Mahamadou Issoufou. Ƙudurin gwamnati da ya bayyana yadda za a yi aiki da ita ya biyo baya ranar 25 ga Yuni 2015.

Abu biyar ta hana a duk faɗin Nijar: ƙera leda, shigo da ita daga waje, sayar da ita, tara ta a sito, da kuma amfani da ita. Na ƙarshen nan shi ne wanda aka fi mantawa. Wanda ya yi odar leda ta shigo ta Ɗan Isa, garin da ke kusa da iyakar Najeriya, ya taka doka, mai shagon da ya jibge ta ya taka, amma uwar gidan da aka ƙulla wa tumatir a baƙar leda a babbar kasuwa ita ma dokar ta ambace ta. Ledar da ake nufi ita ce mai laushi marar kauri, irin ta cefane da ta ƙunshe kaya. Bokiti, buta da jarka ba sa ciki. An bar ƙofa ga ledar da hukuma ta tabbatar tana ruɓewa, haka kuma ana iya neman izini na musamman don aikin asibiti ko na bincike. Hukuncin ya haɗa da tara da ɗauri.

Kowa ya san leda ba ta bar kasuwa ba. A ganina dalilin a fili yake: an hana abin da ya fi komai araha, ba a tanadar wa mai ƙosai ko mai tsire wani abin da ya kai shi sauƙi ba. Rashin kamu dai bai goge dokar ba, kuma ɓarnar da ta sa aka yi ta tana nan.

Tambayi mahauta. Sukan farke tumbin akuya su tarar da dunƙulen leda a cure, ta haɗe da igiya da tsumma. Dabbar kan yi watanni tana ramewa, ciki a kumbure, mai ita yana ta sayen magani. A jihar da ake alfahari da jar akuya, wadda a gidaje da yawa ita ce asusun mace, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ga magudanan ruwa: ledar da aka yar a unguwannin Maradi irin su Sabon Gari ko Zariya iska kan kai ta lambatu, ta haɗu da rairayi ta toshe, ruwan da ya kamata ya gangara Gulbi ya kwanta a unguwa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2024 a garin nan ya san darajar lambatun da ke buɗe.

To, ledar da ta riga ta shigo gida fa? A nan wata tsohuwar doka ke magana, wato babbar dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998. Ta ce wanda ya samar da sharar da ka iya cutar da mutane, dabbobi, ƙasa ko ruwa, shi ke da alhakin kawar da ita ko sarrafa ta. Ta ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe sharar gidaje, don haka mai unguwa da jama'arsa suna da hujjar zuwa ma'aikatar magajin gari su nemi a ɗauke jujin da ya cika. An rushe zaɓaɓɓun majalisun gari a Afrilun 2024, amma nauyin yana kan kujerar, ko wa ke kanta. Dokar ta kuma hana ƙona shara a fili idan hayaƙin zai dami jama'a. Kenan tara leda a ƙofar gida a cinna mata wuta da magariba, kamar yadda ake yi a lunguna da yawa, barin laifi ne a faɗa wani. Hayaƙin roba guba ne, ya fi illa ga yara da masu asma.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne taki. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Maradi ke zuwa da amalanke su kwashi juji su kai gona, domin sharar gidan Bahaushe yawancinta toka ce, da kashin dabbobi, ƙaiƙayi, ɓawon gujiya da ragowar tuwo. Yanzu amalanken kan zo gona da leda da fasassun kwalabe a ciki. Ledar ta nutse a ƙasa, ta tare ruwa da saiwar hatsi, ta yi shekaru ba ta ruɓe ba.

Maganin yana wajen zubarwa. A ajiye buhu daban don leda, a riƙa miƙa wa masu kwasar shara. Mai ruɓewa kuwa a haƙa mata rami a inuwa, a jera busasshen kara da ganye, a bi da kashin awaki da toka kaɗan, a yayyafa ruwa har ya yi danshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. A juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi, ya isa kaiwa gona ko garka.

Gwangwani da tsohon ƙarfe kuɗi ne. Ƴan gwangwan na saye, maƙera kuma na narka sanholo su zuba tukwane. Mataccen batir na tocila ko na rediyo kada ya shiga ramin taki ko wuta, domin sinadaran cikinsa kan tsiyaye su gurɓata ƙasa. A tara su a gwangwani mai murfi, nesa da hannun yara.