Girka manhaja a talabijin mai intanet ba ta kantin kamfani ba

Girka manhaja daga waje, wanda ake kira sideloading a Turance, shi ne mutum ya samo fayil ɗin manhaja daga wani wuri ya saka shi a talabijin mai intanet da hannunsa, ba tare da ya bi ta kantin da kamfani ya tanada ba, kamar Google Play ko Amazon Appstore. A birnin Kano aikin ya fi yawa a hannun masu gyaran waya da masu tura fina-finai, irin waɗanda ke kasuwar Farm Centre da titin Beirut, inda mai talabijin kan kai filash a zuba masa manhajoji ya koma gida ya saka. Dalilan yin haka ba su da yawa: ko dai ba a buɗe manhajar ga Najeriya ba, ko sabuwar sigarta ta fi ƙarfin tsohon talabijin, ko kuma talabijin ɗin bai zo da Google Play ba tun asali.

Tsarin da ke cikin talabijin

Kafin a taɓa komai sai an san tsarin da ke tafiyar da talabijin ɗin, domin kalmar "Smart" da ke jikin kwali ba ta faɗar komai a kan haka. Fayil ɗin manhajar Android, wanda sunansa ke ƙarewa da .apk, yana shiga ne a tsarin da aka gina a kan Android kaɗai. Wannan ya haɗa da Android TV da Google ya fitar a 2014, da Google TV da ya biyo baya a 2020, waɗanda ake samu a talabijin irin na Sony da TCL da akwatunan Xiaomi, sai kuma Fire OS na yawancin sandunan Fire TV na Amazon, wato ƙananan na'urorin da ake sokawa a bayan talabijin. Akwai kuma talabijin da akwatuna masu araha da aka ɗora wa Android irin na waya, su ma suna karɓar APK.

Samsung na amfani da Tizen tun 2015, LG na amfani da webOS tun 2014, Hisense da yawa kuma suna zuwa da VIDAA. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke buɗe APK. Za a iya soka filash a ga fina-finai da hotuna, amma fayil ɗin manhajar ko dai ba zai bayyana ba, ko ya bayyana ya ƙi buɗuwa. Sau da yawa "ya ƙi shiga" da ake ji a shagunan gyara daga nan yake tasowa, kuma babu dabarar da za ta canza shi. Mai irin wannan talabijin, mafita mafi sauƙi gare shi ita ce ya sayi akwati ko sandar Android ya jona ta ramin HDMI. Ana gane tsarin ta shiga Settings, a nemi About.

Ba da izini

Android na toshe manhajar waje sai an ba da izini. A tsofaffin sigogi maɓalli ɗaya ne mai suna Unknown sources, idan an kunna shi komai ya buɗe. Daga Android 8.0 na 2017 an mayar da izinin na kowace manhaja daban: manhajar da za ta buɗe fayil ɗin ita ake ba wa izini, ko mai duba fayiloli ce ko mai saukewa daga intanet. Shi ya sa sai an fara girka wannan manhajar kafin sunanta ya fito a jerin.

A Android TV ana samun wurin a ƙarƙashin Security & restrictions, a cikin Device Preferences ko Apps, gwargwadon siga. A Google TV sau da yawa sai an buɗe sashen masu ƙirƙirar manhaja tukuna: a shiga System, a shiga About, a tsaya a kan Android TV OS build, a danna OK na rimot sau 7 har saƙo ya fito cewa an buɗe. A Fire TV ma sau 7 ake danna sunan na'urar a cikin About da ke ƙarƙashin My Fire TV, sannan Developer options ya bayyana, a ciki a zaɓi Install unknown apps.

Hanyoyin kai fayil cikin talabijin

Filash ita ce hanyar da aka fi bi a Kano, saboda ba ta cin data. Ana kwafe APK ɗin daga kwamfuta ko waya, a soka filash a ramin USB, a buɗe shi da manhajar duba fayiloli irin su X-plore ko File Commander, a danna fayil ɗin, a zaɓi Install. Filash da aka wanke (format) da tsarin FAT32 kusan kowane talabijin na karanta shi, exFAT da NTFS kuwa wasu na gani wasu ba sa gani. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, amma wannan matsalar fim ce, manhajar talabijin ba kasafai take kusantar haka ba. Idan talabijin ya tambaya ko a mayar da filash ɗin ma'ajiyar cikin na'ura, a ƙi: amsa e tana goge duk abin da ke ciki, kuma kwamfuta ba za ta ƙara karanta shi ba sai an sake wanke shi.

Sandunan da ba su da ramin USB, ana bi da su ta manhajar Downloader mai alamar ruwan lemo. Ana rubuta adireshin fayil ɗin da rimot, ta sauke shi, ta miƙa shi a girka. Bayan an gama ta kan tambaya ko a goge APK ɗin. A goge, don ya gama aikinsa, wuri kawai yake ci.

Akwai kuma Send Files to TV, wadda ake sakawa a waya da talabijin duka, su biyun su hau Wi-Fi ɗaya, a tura fayil daga waya. Turin a cikin gida yake tsayawa, ba ya fita intanet.

Masu gyara da ke da kwamfuta sun fi son ADB, manhajar da ke ba kwamfuta damar aika umarni ga na'urar Android. Ana kunna USB debugging ko Network debugging a sashen masu ƙirƙira, a duba lambar IP ta talabijin, wato adireshinsa a kan Wi-Fi, a rubuta adb connect da lambar a kwamfuta, yawanci ta ƙofa 5555. Tambaya za ta fito a fuskar talabijin, a amince, sannan a rubuta adb install da sunan fayil. Fifikon wannan hanya shi ne idan girkin ya faɗi tana faɗin dalili, alhali talabijin shi kaɗai "App not installed" zai rubuta ya yi shiru.

Abin da ke hana manhaja shiga ko aiki

Na farko shi ne rashin dacewar fayil da injin talabijin. Manhaja ɗaya takan zo da siga biyu ko fiye, armeabi-v7a mai bit 32 da arm64-v8a mai bit 64. Wayoyin zamani 64 suke amfani da shi, amma talabijin da sanduna da yawa tsarin 32 aka ɗora musu ko da injinsu na iya ɗaukar 64. To idan aka ciro manhaja daga waya aka kai talabijin sai ta ƙi, ADB kuma ya rubuta INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS. Magani shi ne a nemi armeabi-v7a ko wadda aka rubuta universal.

Saƙon "problem parsing the package" yana nufin ɗayan biyu: ko fayil ɗin bai gama sauka ba, abin da ke faruwa idan sabis ya yanke ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko manhajar na buƙatar Android da ya fi na talabijin sabunta. A gwada girman fayil da wanda aka rubuta a inda aka ɗauko shi. Fayil mai ƙarewa da .xapk ko .apkm ko .apks kuwa ƙunshi ne na gutsattsarin manhaja, ba ya buɗuwa kai tsaye sai da manhajar da aka yi don haɗa shi. Haka nan idan akwai tsohuwar sigar manhajar a ciki mai sa hannu daban, wato hatimin wanda ya haɗa ta ba ɗaya ba ne da na sabuwar, sabuwar ba za ta hau kanta ba sai an cire tsohuwar.

Sai wuri. Sanduna da yawa gigabait 8 aka rubuta musu, amma tsarin kansa ya cinye kaso mai tsoka, kuma lokacin girki ana buƙatar wurin fayil da na manhajar da za ta fito daga cikinsa a lokaci guda.

Wani lokaci manhaja ta shiga amma ba a gan ta a fuskar farko ba. Wannan alama ce cewa ta waya ce, ba a yi mata tambarin talabijin ba. Tana nan cikin Settings, ƙarƙashin Apps. Irinta takan buɗe a tsaye ko a karkace, kuma rimot ba ya kaiwa ga wasu maɓallanta saboda don yatsa aka yi su, sai an jona linzamin kwamfuta ta USB. Netflix da aka saka ta wannan hanya a akwatin da ba shi da shaidar Widevine L1, tsarin Google na kare bidiyo daga kwafa, yakan buɗe, amma hotonsa ba ya kaiwa HD komai ƙarfin intanet. Akwai kuma matsalar agogo: na'urori da yawa ba su da batirin riƙe lokaci, idan aka ɗauke wuta kwanan wata ya koma baya, sai manhajoji su ce babu intanet alhali akwai. Gyara lokaci kaɗai ke warware ta.

Samsung da LG

Su ma suna da ƙofar masu ƙirƙira, sai dai ba ta APK ba ce. A Samsung ana shiga Apps a danna 12345, a rubuta IP na kwamfuta, a tura fayil .wgt ko .tpk da Tizen Studio. A LG ana sauke manhajar Developer Mode, a buɗe asusu, a tura fayil .ipk, izinin na da wa'adi, idan ya ƙare ba a sabunta ba manhajojin da aka saka suna ɓacewa.

Haɗari da doka

Girkin da kansa ba laifi ba ne, manhajojin kunna bidiyo irin su Kodi da VLC masu su ne ke raba fayilolinsu a shafukansu. Matsalar tana ga inda fayil ya fito. APK da aka "fasa" don a kalli ƙwallo ko fim kyauta an buɗe cikinsa an sake rufewa, kuma babu wanda ya san abin da aka ƙara. A 2024 kamfanin Doctor Web ya ba da rahoton ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Vo1d a akwatunan Android kusan miliyan 1.3, a 2025 kuma hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, wadda wasu akwatuna marasa shaidar tsaro ta Google mai suna Play Protect ke zuwa da ita tun daga masana'anta. Irin waɗannan suna ara wa wasu intanet ɗin gidan a ɓoye, mai MiFi sai ya ga data na ƙarewa ba a kalli komai ba. Raba fina-finai da tashoshin biya ba da izinin masu su ba kuwa ya saɓa wa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta shafi fina-finan Kannywood kamar yadda ta shafi na waje.

Manhajar da aka saka daga waje yawanci ba ta sabunta kanta, sai an nemo sabon fayil daga inda aka samo na farko an ɗora a kai. Bayan an gama girki ana so a koma a kashe izinin Unknown sources da debugging, domin muddin ƙofa 5555 na buɗe, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin gidan zai iya neman haɗuwa da talabijin ɗin.