Tsuntsu na huda maka gida, doka ta ce kada ka taɓa shi

A farkon 2023 aka ba da labarin wani gida a Glen Ellen, jihar Kalifoniya ta Amurka, inda mai feshin ƙwari ya fasa bango, sai 'ya'yan itacen oak suka yi ta zubowa har fiye da kilo 300. Maƙwaƙwafai ne, nau'in da ke tara waɗannan 'ya'yan itace, suka mayar da gidan rumbunsu. Ɗabi'arsu ke nan: su huda katako, su cusa ƙwaya ɗaya a kowane rami, tanadin lokacin sanyi. Gidajen can kuwa galibi na katako ne.

A garinmu da danƙo yara za su gama da shi. A Amurka hakan laifi ne. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar 1916 da Birtaniya a madadin Kanada, ta hana kashe maƙwaƙwafi, ko kama shi, ko ajiye shi. Ba ruwanta da cewa wannan nau'in ba ya wata doguwar ƙaura. Sunansa na cikin jerin tsuntsayen da dokar ta kare, shi ke nan. Hukuncin na iya kaiwa tarar dala 15,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun.

Abin da aka bar wa mai gida shi ne kora. Zai iya rataya raga, ko kyallaye masu ƙyalli, ko ya rufe wurin da kwano. Amma kafin ya toshe babban rami sai ya leƙa, don idan akwai ƙwai ko 'ya'ya a ciki, dole ya jira su tashi. Kisa sai da takardar izini daga hukumar kula da kifaye da namun daji ta tarayya, ita kuma sai ta ga shaidar cewa an gwada kora ba ta yi ba. A ganina nan ne dokar ta fi matsa wa mutum, domin kafin takarda ta fito bango ya zama rariya.

Kurege kuwa, wanda shi ma kan yi ɓarna a gida, lamarinsa na hannun jihohi. A Kalifoniya, jan kuregen da aka shigo da shi daga gabashin Amurka ana iya kashe shi idan yana ɓarna, amma mai ruwan toka, ɗan asalin jihar, sai da izini. Wanda aka kama a tarko ma, ba a yarda a ɗauke shi a kai wani daji a saki ba.