Filin Wasa na Nationals Park

Nationals Park fili ne na wasan ƙwallon besbol a birnin Washinton na Amurka. Yana kudu maso gabashin birnin, a unguwar Navy Yard da ke gaɓar kogin Anacostia, ba nisa da ginin majalisar dokokin ƙasar. An buɗe shi a shekarar 2008, yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 41,000, kuma nan ne gidan ƙungiyar Washington Nationals. Gwamnatin birnin ce ta gina shi da kuɗin jama'a. Shi ya sa sunansa ke yawan fitowa duk lokacin da Amurkawa suka tayar da tsohuwar muhawarar nan: shin filin wasa yana raya unguwa, ko dai talaka ne ke biyan haraji attajiri yana kwasar riba?

Yadda aka yi aka gina shi

Besbol wasa ne da ake bugun ƙaramar ƙwallo da gora, 'yan wasa tara a kowane ɓangare. Kakar babbar gasar Amurka tana da tsawo: kowace ƙungiya na buga wasa 162, rabinsu a gida. Ke nan filin besbol yana tara jama'a sau 81 a shekara, daga bazara zuwa farkon kaka, abin da filin ƙwallon ƙafa bai kusa yi ba. Wannan lissafin ne magadan gari ke kafa hujja da shi idan suna neman a saki kuɗin gini.

Sau biyu Washinton tana rasa ƙungiyarta. Ta farko ta koma Minnesota bayan kakar 1960, ta biyu ta koma Texas bayan kakar 1971, birnin ya zauna fiye da shekara 30 babu besbol. A watan Satumban 2004 hukumar gasar ta sanar cewa ƙungiyar Montreal Expos ta Kanada, wadda a lokacin hukumar ce ke riƙe da ita, za ta koma Washinton, amma da sharaɗin birnin ya gina sabon fili daga aljihunsa. Magajin gari Anthony Williams ya rungumi sharaɗin. A majalisar birnin kuwa sai da aka kai ruwa rana. Shugabarta Linda Cropp ta dage a nemo 'yan kasuwa su ɗauki wani kaso na kuɗin, har yarjejeniyar ta kusa wargajewa a watan Disamba, kafin ta tsallake da ƙuri'a 7 da 6. Cikin waɗanda suka ƙi akwai Adrian Fenty, wanda shi ne magajin gari a ranar da aka buɗe filin.

Majalisar ta ƙayyade kuɗin ginin a dala miliyan 611, amma da aka haɗa da kuɗin filaye da sauran hidimomi sai jimillar ta doshi miliyan 700. Bashi birnin ya ci ta hanyar sayar da takardun lamuni. An tsara biyansa da wani haraji na musamman da aka ɗora wa kamfanonin da cinikinsu ya kai dala miliyan 5 a shekara, da harajin tikiti da abinci da kayan da ake sayarwa a cikin filin, da wani kaso na harajin wutar lantarki da makamantanta, sai kuɗin hayar da ƙungiyar ke biya. Iyalan Lerner, manyan masu harkar gine-gine a yankin, su suka sayi ƙungiyar a 2006. An aza harsashi a watan Mayun wannan shekarar, ƙungiyar kuma ta ci gaba da wasa a tsohon filin RFK har aka kammala.

Ranar 30 ga Maris, 2008 aka buga wasan gasa na farko. Shugaba George W. Bush ya jefa ƙwallon buɗe fili, Nationals ta doke Atlanta Braves da ci 3 da 2 bayan Ryan Zimmerman ya maka ƙwallo ta tsallake katanga a bugun ƙarshe. Bayan 'yan makonni Fafaroma Benedict na 16 ya jagoranci addu'a a cikinsa.

Unguwar kafin filin da bayansa

Unguwar ta samo sunanta ne daga sansanin sojan ruwa da aka kafa a 1799. Kafin zuwan filin, wurin da aka gina shi cike yake da gareji-gareji, da masana'antar kwalta, da wurin tara shara, da gidajen rawa na dare waɗanda sauran unguwanni ba sa maraba da su. Hukuma ta karɓe filayen bisa dokar da ta ba ta ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a tare da biyan diyya. Wasu masu filayen sun garzaya kotu kan diyyar, wasu wuraren kuma daga nan suka rufe ke nan.

Kusa da wurin akwai rukunin gidajen gwamnati na Arthur Capper da Carrollsburg, gida 707 na masu ƙaramin ƙarfi, akasarinsu baƙaƙen fata. Ba filin ne ya rushe su ba. Tun 2001 gwamnatin tarayya ta ba da tallafin rushe su don a gina unguwar da za ta haɗa mai shi da maras shi, da alkawarin mayar da kowane gida da aka rushe. Sai dai aikin ya ɗauki shekaru masu yawa, iyalai suka watsu a wasu unguwanni, da yawansu ba su dawo ba. Mai yawo a titunan nan a yau zai ga jerin gidaje masu fenti kala-kala, ba zai ga alamar waɗanda suka tashi ba.

Arzikin da aka yi alkawari bai zo da wuri ba. Shekarar da aka buɗe filin ita ce shekarar da kasuwar gidaje ta Amurka ta durƙushe, bankuna suka daina ba da bashin gini. Titin Half Street, wanda ya taso daga tashar jirgin ƙasa zuwa ƙofar filin, ya shafe shekaru da kangaye da ramin gini da aka haƙa aka bari. Ƙungiyar ma ba ta taimaka ba: an ci ta wasa 102 a 2008, an ci ta 103 a 2009. Mutane su zo, su kalli wasa, su hau jirgi su koma gida, ba su sayi ko ruwan sha a unguwar ba.

Daga wajajen 2012, lokacin da ƙungiyar ta fara cin wasa, tattalin arziki kuma ya farfaɗo, sai gine-gine suka kama tashi kamar tsiron damina. Dogayen benaye na haya, otal-otal, gidajen abinci da kantuna suka cike kangayen, Navy Yard ta shiga sahun unguwannin da suka fi saurin cika da mutane a birnin, yawanci matasa ma'aikata masu albashi mai tsoka. Kuɗin haya ya hau daidai da haka. Wani abin dariya shi ne, a farko ana tallar filin da cewa daga kujerun sama ana hango kubbar majalisa. Sababbin benayen da filin ya jawo su suka tare ta daga yawancin kujerun.

Gardamar masana

Masu goyon baya suna nuna harajin da unguwar ke tarawa yanzu, suna cewa filin ne ya sa mutanen Maryland da Virginia suke zuwa su kashe kuɗinsu a birnin. Wannan hujjar tana da ƙarfi a Washinton fiye da sauran birane, domin yawancin 'yan kallo daga jihohin nan biyu suke shigowa.

Masana tattalin arziki irin su Dennis Coates da Brad Humphreys, waɗanda suka soki shirin tun 2004, suna ganin kuɗin da iyali suka kashe a filin wasa kuɗi ne da za su kashe a sinima ko gidan abinci a wata unguwa, ayyukan da filin ke samarwa kuma galibi na wucin gadi ne masu ƙaramin albashi. Akwai kuma abin da ya fi wannan wuyar musantawa: unguwar ta riga ta fara motsi kafin a buga ƙwallo ko ɗaya. Tashar jirgin ƙasa tana nan tun 1991, rundunar sojan ruwa ta kwaso dubban ma'aikata zuwa sansanin a 2001, Ma'aikatar Sufuri ta tarayya ta tare a sabuwar hedikwatarta a can a 2007. Fili a bakin kogi, kusa da majalisa, da wuya ya daɗe a kango ko da besbol ko babu. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne filin ya hanzarta abin, ya kuma ba unguwar suna.

A ƙetaren kogin, a mazaɓu na 7 da na 8 inda talauci ya fi katutu, canjin bai kai haka ba, ko da yake sabuwar gadar Frederick Douglass da aka buɗe a 2021 ta sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin gaɓoɓin biyu.

Manyan taruka

Filin ya karɓi wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara a ranar farko ta 2015, da wasan taurarin gasar besbol a 2018. A 2019 Nationals ta ɗauki kofin gasar karon farko, bayan ta doke Houston Astros a wasa bakwai. Duk wasa huɗun da ta ci, a Houston ta ci su. Ukun da aka buga a Nationals Park kuwa, a gaban jama'arta, duka aka doke ta.