Koyon Turanci a Matsayin Harshe na Biyu a Jos

Koyon Turanci a matsayin harshe na biyu shi ne ƙoƙarin da mutumin da ya tashi da wani harshe yake yi don ya iya jin Turanci da magana da karatu da rubutu da shi. A Jos, babban birnin Jihar Filato, ga yara da yawa Turanci harshe na uku ne ma. Yaron da ya tashi a gidan Birom ko Afizere ko Anaguta yakan fara da harshen gida, ya ɗauki Hausa a unguwa da kasuwa, kafin ya haɗu da Turancin aji. Yaron Gangare ko Unguwar Rogo kuwa da Hausa yake buɗe baki. Dukkansu suna jin buroka a tasha da kasuwa.

Tarihi da matsayi

Haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa a farkon ƙarni na 20 ta tara ƙabilu da yawa a Jos, makarantun mishan kuma suka yaɗa boko. Jami'ar Jos ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tsara a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci. A yau ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, wato C6 ko sama, a jarrabawar kammala sakandare irin ta hukumar WAEC da aka kafa a 1952 ko NECO da aka kafa a 1999. Turanci kuma dole ne a jarrabawar JAMB, ko da wane fanni ɗalibi zai karanta.

Furuci da kalmomi

Hausa ba ta rarrabe sautin p da f, ba ta kuma da v, shi ya sa mai koyo yakan cakuɗa su. Tana kuma sanya wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar yadda ake gani a kalmomin aro irin su burodi da sukudireba. Wannan yana raguwa da yawan sauraro. Kalmomi kuwa sun fi zama a kai idan an tsince su cikin jimla, a labari ko jarida, fiye da idan an haddace su a jere daga ƙamus. Ƙamusun Hausa da Turanci sun daɗe. Na Bargery ya fito tun 1934.

Salon magana

A nan ne aikin ya fi nauyi. Salon magana jerin kalmomi ne da ma'anarsu a haɗe ta bambanta da ma'anar kowace ita kaɗai. Bahaushe ya san wannan sarai a harshensa: yana cin kasuwa, yana cin bashi, yana cin amana, yana cin jarrabawa, babu kuma wanda ya kai loma baki. Yana shan iska, yana shan kashi, yana shan alwashi. Turanci ma haka yake, musamman a aikatau masu ɗaukar ƙaramar kalma a bayansu. Put off ɗage abu ne, put out kashe wuta, put up with kuwa jure wa abu. Wanda ya san put kaɗai bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar salon Hausa a sa masa kalmomin Turanci. Mai fita yakan ce I am coming saboda yana tunanin "ina zuwa", ya ce ya drink magani inda Bature zai ce take, ko ya hear wari domin "ji" a Hausa ya haɗa kunne da hanci da jiki. A kasuwar Terminus da ke tsakiyar Jos kowa zai gane, kuma wasu daga cikin irin waɗannan sun zauna daram a Turancin Najeriya, ba abin kunya ba ne a faɗe su a hira. Amma mai duba takardar jarrabawa da daidaitaccen Turanci yake aunawa, don haka ɗalibi yana bukatar sanin inda kowanne ya dace.

Rubutun insha'i

A WAEC ana bukatar insha'i na kalmomi aƙalla 450. Ɗalibi yakan zaɓi ɗaya: wasiƙa, ta hukuma ko ta zumunci, ko jawabi, ko muhawara, ko maƙalar jarida, ko labarin da zai fito da ma'anar wata karin magana. Ana raba maki gida huɗu: abin da aka faɗa, tsarinsa, iya sarrafa harshe, da tsabtar rubutu, wato nahawu da rubutun kalma da alamomin tsayawa. Sarrafa harshe ne ya fi maki, tsabtar rubutu kuma nan ne kowane kuskure yake rage maki.

Abin takaici, a wuraren lesin da dama hadda ake koyarwa. Yaro ya haddace buɗewar wasiƙa guda da salon magana goma, ya zuba su ko sun dace ko ba su dace ba. Gajeriyar jimla daidaitacciya ta fi doguwa mai manyan kalmomi da kuskure uku a ciki. Abin da ya fi amfani shi ne ɗalibi ya tsara batutuwansa kafin ya fara, ya ba kowane batu sakin layinsa, ya yi rubutu kowane mako, malami kuma ya gyara ya mayar masa ya sake rubutawa. Matakin ƙarshen nan ne yake wuya a ajin da ya cika maƙil, domin malami ɗaya ba zai iya bin kowane littafi layi-layi ba. Wasu ɗalibai kan yi musayar littattafai su duba wa juna, su kai wa malami abin da suka yi saɓani a kai kawai.