Waiwaye: Daga Udoji zuwa naira 70,000, yadda albashi ya daina kai wata a Katsina

A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta amince za ta biya naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, wata huɗu bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa dokar hannu a Abuja. A daidai wannan lokaci buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗin tsada a kasuwa, litar fetur kuma ta haura naira 1,000. An yi murna, domin ƙarin ya fi babu. Amma masinjan ofis da leburan asibiti da malamin firamare sun riga sun yi lissafinsu tun kafin kuɗin su shigo, sun kuma san mai shagon unguwa ne zai fara karɓar nasa.

Albashi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Baitulmali, Katsina tana cikin masarautun farko da Turawa suka gwada tsarin a Arewa, aka yanka wa hakimai da alƙalai da malaman ofis kuɗin wata. Daga nan aka sami rukunin mutane da ake kira ma'aikatan En'e, wato na hukumar gargajiya ta masarauta, sannan waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina da makarantun da suka biyo bayanta. Ba su da yawa, amma ɗan abin da suke ɗauka yana riƙe gida, har ya kai ga dangi a ƙauye. Sauran jama'a kuwa gyaɗa da auduga ne albashinsu. Manomin Funtuwa ko Malumfashi yana kai audugarsa fuloti, na Daura da Mani yana jiran kakar gyaɗa, daga ciki a biya haraji, a yi tufafi, a yi aure.

Shekarun 1970 ne suka juya wannan tsari. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya manomi, a daidai lokacin da kuɗin man fetur suka malalo cikin baitulmalin gwamnatin Janar Gowon. Kwamitin Jerome Udoji, wanda aka kafa don duba aikin gwamnati da albashin ma'aikata, ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙari mai tsoka, aka haɗa musu da ariyas na watanni. Dattawan da suka ga lokacin har yau suna ba da labarin yadda babura da rediyo da kwanon rufi suka yi kasuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne farashin kaya ya biyo bayan kuɗin da gudu, kuma manomin da bai karɓi ko sisi daga Udoji ba shi ma ya biya sabon farashin. Tun daga nan matasa da yawa suka gane cewa biro ya fi fartanya kawo kuɗi, suka nufi birni.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa baki ɗaya ta zo ne a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin gama-gari da Ƙungiyar Ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu. Naira 125 aka tsayar. Yau yaro zai yi dariya in ya ji adadin, amma a lokacin naira ta fi dala daraja, kuɗin sun kai kimanin dala 200, kuma da yake ana sayar da litar fetur kwabo 15 da 'yan kai, za su sayi sama da lita 800. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna. Naira 18,000 da Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2011, lokacin lita tana naira 65, suna sayen lita 270 da wani abu. Naira 30,000 na marigayi Muhammadu Buhari a 2019, lita tana 145, suna sayen ɗari biyu da kaɗan. Naira 70,000 a ƙarshen 2024 ba su kai lita 70 ba. Adadin da ke kan takardar albashi ya ninka sau 560 tun 1981, farashin fetur kuwa ya ninka fiye da sau 6,000. Ba don ma'aikaci yana shan fetur na kawo wannan ma'auni ba. Kwanon masarar da aka ɗauko daga Dandume ko Bakori zuwa birnin Katsina a mota ya zo, injin niƙa da na ban-ruwa mai suke sha, ɗan acaɓan da ke kai yara makaranta shi ma haka.

Gangarowar ta fara ne da faɗuwar farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya. A 1982 Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu, mulkin sojan da ya biyo baya ya rage ma'aikata, aka shiga layin sayen madara da sabulu da sukari. Sai kuma SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, a 1986, wanda ya saki naira ta faɗi zuwa kusan huɗu a dala ɗaya cikin watanni, ya kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. Bayan shekara guda, ranar 23 ga Satumba 1987, aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Wato jihar ta buɗe ido ne a tsakiyar SAP. Ma'aikatan da suka tattaro iyalansu daga Kaduna suka dawo gida sun dawo da albashin da ke narkewa a hannu, kuma sai a farkon shekarun 1990 aka ɗaga mafi ƙarancinsa zuwa naira 250, lokacin da dala ɗaya ta kusa naira goma.

Da a ce masana'antu sun tsaya da ƙafafunsu, da gwamnati ba ta zama kusan ita kaɗai ce mai biyan kuɗin wata a jihar ba. Kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980, bai taɓa cika burin da aka ɗora masa ba har aka sayar da shi. Masaƙun Kaduna da ke shanye audugar kudancin jihar suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, saboda rashin wuta da kwararowar atamfar waje, dubban ma'aikata suka koma gida. Masaƙar Funtuwa tana cikin 'yan tsirarun da suka daɗe suna numfashi. Saurayin da ya gama digiri ko difloma a yau, in bai sami aikin gwamnati ba, abin da ke gabansa shi ne koyarwa a makarantar kuɗi, ko teburin POS, ko tuƙa Keke Napep na wani yana kai balas kullum.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a son faɗa a teburin tattaunawar albashi. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin gona na kaka ko waɗanda ake biya da kamasho ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba su cikin tsarin aiki na hukuma. Saboda haka yaron shago a babbar kasuwa, da malamar makarantar kuɗi, da ɗan ƙwadagon da ke noma gonar wani, da mai gadi a GRA, duk rigimar 70,000 a rediyo kawai suke jin ta. Sai dai kuma kuskure ne a ɗauka albashin ma'aikaci nasa ne shi kaɗai. A Katsina albashi ɗaya yana ciyar da gida biyu ko uku: iyaye a ƙauye, marayun ɗan'uwa, ƙanwar da aurenta ya mutu. Ranar da aka ga alat, mahauci da tela da mai kayan miya su ma sun sani. In wata ya yi nisa, kasuwa ma takan yi sanyi.

Daga 2000 zuwa yau tsarin bai sauya ba. Obasanjo ya tsayar da naira 5,500 ga jihohi da 7,500 ga ma'aikatan tarayya, aka shafe shekara goma sha ɗaya kafin a sake taɓa dokar, sannan takwas, sannan biyar. Farashi kuwa ba ya jiran kwamiti. An ɗan sami sa'ida lokacin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ya sauko da fetur daga naira 75 har zuwa 65, abin da Katsinawa ke tunawa da shi da alfahari. Amma shekarun da suka biyo bayan 2015 sun zo wa jihar da nauyi iri-iri a lokaci guda. Tattalin arzikin ƙasa ya karye a 2016, ya sake karyewa a 2020. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki, harkar Jibiya da Kwangwalam da Mai'aduwa ta tsaya cik sama da shekara, shinkafa ta yi tsada. 'Yan bindiga daga dajin Rugu suka hana noma a Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, wuraren da a da suke cika rumbunan jihar. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe kasuwannin dabbobi a yankunan, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Manomin da ya saba aika wa ɗansa ma'aikaci buhun gero bayan girbi, shi ne yanzu yake zaune a ɗakin ɗan a birni yana gudun hijira. Sai canjin kuɗi na farkon 2023, da mutum ke da kuɗinsa a banki amma ya rasa abin cefane.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, daga kusan 460 a dala ta gangara har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufe iyaka har zuwa Maris. A Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ƙungiyoyin ƙwadago sun fara da neman naira 615,000, suka kashe wutar ƙasa a yajin aikin 3 ga Yuni, suka ƙare da karɓar 70,000, abin da bai kai dala 50 ba. A watan Agusta matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Katsina da Daura da Dutsin-Ma, har aka sanya dokar hana fita.

Duk lokacin da naira ta faɗi, dukiya ba ɓacewa take yi ba, hannu take sauyawa. Wanda ya ajiye dala, ko filaye a bakin sabbin tituna, ko sito cike da hatsin da ya saye da arha lokacin kaka, yakan wayi gari ya ƙara arziki ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Wanda abin da ya mallaka shi ne albashi, ko fansho, ko garatutin da yake jira, ko zubin adashi, shi ne ke biya. Manyan bankuna sun bayyana ribar da ba su taɓa samu ba a 2023, kaso mai yawa daga faɗuwar nairar. Kason da gwamnatocin jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya faɗa da bakinsa cewa kimanin naira miliyan 21 ke shigo wa ofishinsa duk wata, wato albashin ƙaramin ma'aikaci 300. Tun 2017 ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa dukiyar attajirai biyar na Najeriya ta kusa dala biliyan 30. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni ban ga laifin mai arzikin da ya nema ta halal ba, kuma Katsina na da attajirai masu fitar da zakka da ciyarwa da azumi. Amma ciyarwar wata guda ba za ta gyara tsarin da ke kwashe ƙarfin kuɗin talaka wata goma sha biyu ba.

Fargabar cewa ƙasar za ta durƙushe tana da tushe. A watanni huɗun farko na 2022 abin da gwamnatin tarayya ta kashe wajen biyan bashi ya fi abin da ta tara, bashin da ta ci daga Babban Banki kuma ya kai naira tiriliyan 22.7 a ƙarshen wannan shekarar. Wannan ita ce hujjar masu kare matakan 2023, cewa ba don su ba da jirgin ya nutse, suna kuma nuna yadda naira ta daidaita da yadda hauhawar farashi ta sauko a 2025. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai durƙushewar da masana ke hange a Abuja ta riga ta faru a gidaje da yawa a nan. Ƙididdigar hukuma ta 2022 ta sami mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shidan farko na 2025. Wannan adadi ya kamata ya hana duk mai riƙe da muƙami a jihar barci.

Hatsi ya yi sauƙi a 2025, bayan an buɗe ƙofar shigo da abinci daga waje an kuma sami damina. Ma'aikaci ya ɗan numfasa, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masararsa a faɗuwa, wasu suka rage gonakin da za su noma. Kuɗin haya da na makaranta da na magani ba su sauko ba. Sabuwar dokar ta rage wa'adin duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, saboda haka zama na gaba zai faɗo a 2027, shekarar zaɓe. Babu wani sashe a cikinta da ya ɗaure albashi da farashin kaya, kuma ba ta shigo da waɗanda aka bari a waje tun 1981 ba.