Julius Jaenzon, Mai Ɗaukar Hoton da Ya Fito da Fatalwa a Majigi

Wane ne Julius Jaenzon?

Ɗan ƙasar Suwidin ne, an haife shi a birnin Gothenburg a 1885, ya rasu a 1961. Ya yi aiki a kamfanin Svenska Bio na Charles Magnusson, inda ya riƙe kyamara ga Victor Sjöström da Mauritz Stiller, manyan daraktocin ƙasar a zamanin da fim bai fara magana ba. Ɗan'uwansa Henrik ma sana'ar da ya yi ke nan.

Me ya bambanta aikinsa?

Ya fitar da kyamara daga ɗakin ɗauka zuwa sarari. A fim ɗin Terje Vigen na 1917 teku ce ta cika hoton, a Herr Arnes pengar na 1919 kuwa ya ɗauki jerin mata sanye da baƙaƙen tufafi suna rakiyar gawa a kan daskararren ruwa, hoton da ya isar da baƙin ciki ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Yaya ya yi fatalwar fim ɗin Körkarlen na 1921?

Nan ne gwanintarsa ta fi burge ni. Labarin, wanda aka ɗauko daga littafin Selma Lagerlöf, yana buƙatar keken dokin mutuwa da ake hango abin da ke bayansa ta cikinsa. Sai Jaenzon ya ɗauki wurin tukuna, ya mayar da zaren fim baya a cikin kyamara, sannan ya sake ɗaukar ɗan wasan a kan wannan zaren, wani lokaci fiye da sau biyu. Kyamarar kuwa da hannu ake juya ta, saboda haka dole saurin hannunsa ya zo daidai a kowane zagaye, in ba haka ba aikin ya lalace, a koma farko. Da haka aka ga ruhin David Holm, tauraron labarin, yana tashi daga gangar jikinsa a maƙabarta.

Ina ya kwana bayan tafiyar daraktocin?

Sjöström ya tafi Amurka a 1923, Stiller ya bi shi a 1925 tare da 'yar wasa Greta Garbo, wadda Jaenzon ya ɗauka a Gösta Berlings saga. Shi kuwa Jaenzon ya zauna gida a kamfanin Svensk Filmindustri har zamanin sauti ya shigo, kuma a hannunsa Gunnar Fischer ya koyi aiki, wanda daga baya ya ɗauki finafinan darakta Ingmar Bergman da dama.